Yadda Na-Sani Ya Gyara Fim ɗin Baba

Mijin yayata ya taɓa yin aikin yagar tikiti a ƙofar silima na sati uku, kafin su sallame shi saboda yana gaya wa mutane ƙarshen fim tun suna kan layi. Shekara ashirin ke nan, amma har yau da waɗannan sati ukun yake tinƙaho. Sana'arsa ta gaskiya sayar da labule. A gida kuwa Na-Sani muke ce masa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana buɗe baki zai ce "na sani", ya karɓe zancen ya kai shi inda kai ba ka nufa ba.

Ranar da muka dawo da Baba daga asibiti, Na-Sani yana falo ya harɗe yana jiranmu. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa. Na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma saura 'yan watanni, kuma ba aikin da zai dawo da shi. Ni da Yaya muka yi jugum. Baba shi ko a jikinsa, sai da Yaya ta matsa masa da tambayar abin da yake so a yi masa, sannan ya ce abu ɗaya ne. Akwai wani tsohon fim ɗin Indiya marar kala, na wani darakta da ya yi fim tara kacal ya mutu. Ya faɗi sunan daraktan, ya faɗi sunan fim ɗin, ya ce labarin wani mai haƙa rijiya ne da matarsa.

"Na sani!" in ji Na-Sani, har yana dukan cinya. "Wannan daraktan ai mutumina ne. Baba, ku daina maganar ɗaya, duka taran zan kawo muku, ku zauna ku zaɓa. Kwana bakwai kawai nake so."

"Ɗaya nake nema," in ji Baba. "Kuma ko a cikinsa ma wuri ɗaya..."

"Na sani, na sani. An gama!"

Ya zaro waya ya fice tsakar gida yana kiran wani da ƙarfi, don maƙwabta su ji ana aiki. Saboda haka bai ji sauran maganar ba. Baba ya ce akwai inda rijiyar ta rufta da mijin, aka kawo wa matar takalman da ya cire a bakin ramin. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da su, minti takwas cur, ba ta ce uffan ba, ba ta motsa ba.

"Haka uwarku take tsayuwa in na yi doguwar tafiya," ya ce. "Daga kwanar layi nake hango ta."

Baba ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota. Mamanmu kuwa shekara shida da rasuwa, kuma a rayuwarta ba ta yarda da hoto ba. Na katin shaida kaɗai muke da shi, wanda ta ɓata rai kamar an ci ta tara. Sai na juya kai na yi ta kallon bango, don kada ya ga idona.

Washegari da na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa, na tarar da ƙyalle ɗaure daga ƙofar gidanmu zuwa turken lantarki. Ragowar labule ne ruwan goro, an rubuta da fenti: MAKON MANYAN FINAFINAI, ƘARƘASHIN JAGORANCIN MASANI. Mai aski na gefenmu yana tsaye da almakashi a hannu yana karantawa.

"Auta, wane ne masanin?" ya ce.

"Ka fi ni saninsa."

"Af, na ɗauka baƙo za a kawo."

Ran Talata Na-Sani ya shigo da waya a sama kamar ya ciyo kofi. Ya je wajen masu tura finafinai a waya, an zuba masa. Muka haɗa da talabijin, muka matso da kujerar Baba har gwiwarsa na taɓa tebur. Fim ya buɗe da wani ƙato mai jar riga a kan babur, ya tsallake motoci huɗu, ya sauka a kan na biyar yana amsa waya.

"Wannan mai kala ne," in ji Baba.

"Sabunta shi aka yi."

"Mutumin ya mutu tun kafin a haifi matarka. Wayar hannu fa?"

"Ai shi ya sa ake ce masa gwani, Baba. Ya hango."

Yaya ta tashi ta shige kicin, muna jiyo dariyarta tana buga murfin tukunya don ta rufe.

Ran Laraba kwali guda ya sauke a tsakar gida, cike da fayafaye. Ya ce wani dillali a bayan kasuwa ne ya buɗe masa ɗakin ajiya na musamman, wanda ba kowa ake nuna wa ba. Yadda ya yi zaɓen ma abin ji ne. Duk bangon da ya ga ya koɗe, ya ce tsoho ne. Duk wanda ya ga mai gashin baki da tabarau a bayansa, ya ce daraktan ne. Mai aski ya rufe shagonsa ya shigo kallo, telar layinmu ma ta biyo shi da awo rataye a wuya.

Faifai na farko wata mata ce ke koyar da motsa jiki. Na biyu bikin wasu mutane ne da ba mu taɓa gani ba, muka kalli amarya tana kuka har minti goma kafin ya yarda ba fim ba ne. Na uku bayanin kiwon kaji ne daga ƙwai har yanka.

"Ku dakata, shimfiɗa ce," in ji Na-Sani. "Haka yake fara finafinansa, daga nesa."

"To ga jarumin can ya yi cara," in ji mai aski.

Na huɗu da na biyar injin ma ƙin karɓarsu ya yi, ya riƙa tofo su waje. Telar ta roƙi a bar mata na kajin, don tana da sha'awa. Baba dai ya ɗiga maganin idonsa ya rufe ido. A nan ne raina ya soma ɓaci da gaske, domin kowace rana da aka ɓata, daga cikin kwanakin idonsa ake cirewa.

Mai askin ne ya tuna da mai gyaran agogo. Wani dattijo ne a ƙarshen layin kasuwa, mai ɗan shago kamar akwati, wanda bayan agogunan bango ya jera tsofaffin kaset na bidiyo sun fi ɗari uku, kowanne a leda, kowanne da lamba. Ba ya sayarwa, ba ya bayar da aro. Na ce ni zan je. Na-Sani ya ce magana ce ta masana, amma in ina so in raka shi in koyi wani abu.

Dattijon ya saurare mu da gilashin aiki a ido ɗaya. Na-Sani ya yi ta zuba, yana lissafa finafinan daraktan da bai taɓa gani ba, har ya kai goma sha huɗu.

"Tara ne," in ji mai agogo.

"Na sani. Biyar ɗin a ɓoye ya yi su."

"Malam, ka taɓa kallon ko ɗaya?"

"Ni? Ni da na yi aiki a silima?"

Na ga abin zai lalace, sai na tsoma baki na faɗi maganar idon Baba. Dattijon ya cire gilashin ya dube ni. Ya ce cikin taran huɗu gare shi, ya shekara goma sha biyu kafin ya samu na mai rijiyar, kuma bai san wani mai shi ba a duk inda ya tambaya. Ya hau kujera ya sauko da shi da hannu biyu. Ya ce zaren ya tsufa, ya soma farin fumfuna, ba zai jure juyi da yawa ba. A kai wa mai kwamfuta ya juye shi sau ɗaya tak, a dawo masa da abinsa.

"Kada a buɗe shi, kada a bar shi a rana," ya ce.

"Na sani," in ji Na-Sani, ya warce kaset ɗin.

Kuskurena ke nan, kuma har gobe ina cizon yatsa. Ina da jarrabawar ɗalibai da rana, sai na bar shi ya tafi wajen mai kwamfuta shi kaɗai. Abin da ya faru a can daga baya na ji shi daga bakin mai kwamfutar, yana rantsuwa yana kama kunne.

Fim ya juyu lafiya lau, awa biyu da rabi. Na-Sani ya ja kujera ya ce zai duba inganci. Ya kalli minti biyar, mutum na haƙa rami. Ya tura gaba, mata na ɗebo ruwa. Ya sake turawa, miji da mata na cin abinci ba mai magana.

"Ina waƙar?" ya ce.

"Babu waƙa a ciki, Alhaji."

"Fim ɗin Indiya ba waƙa? Faɗa fa?"

"Shi ma babu."

"To kaset ɗin ya zube. Tsufa ya cinye waƙoƙin. Kai ba ka san aikin ba, haka suke yi, waƙa ce ke fara tafiya."

Mai kwamfuta ya ce shi dai abin da ke ciki ya juye. Na-Sani ya ce surukinsa guda ne, shi ba zai tara masa jama'a ya nuna musu mutane suna tauna ba. Ya tuɓe hula ya ajiye, ya ce a kawo wuƙar yanka. Duk inda aka yi shiru ya wuce minti ɗaya, a cire. Duk inda aka cire, a cike da waƙa ko faɗa daga finafinan da ke cikin kwamfutar. Da suka zo kan matar a bakin ƙofa, ya ce a nan ma hoton ne ya maƙale gaba ɗaya.

"Bai maƙale ba, Alhaji, ga gyalenta na motsi."

"Minti takwas mutum na tsaye? Ko layin banki ne? Yanke!"

Ran Asabar da la'asar aka yi taron. Na aro majigi daga makaranta. Na-Sani ya kwaso labulaye masu kauri daga shagonsa ya toshe tagogin falo, ya kafa wani fari a bango. Mutanen layi suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Mai agogo ya zo da kansa cikin farar riga, aka ba shi kujera kusa da Baba. Baba kuwa tun azahar ya yi wanka, ya sa turare, ya goge tabaransa ya fi sau biyar.

Na-Sani ya tsaya gaban majigi, inuwarsa ta cika labulen, ya yi jawabi na minti ashirin a kan wahalar da ya sha. Sai da mai aski ya ce, "Masani, kai za mu kalla ko fim?" sannan ya matsa. Bai zauna ba, ya tsaya a gefe da sandar labule a hannu, wai zai riƙa fassara.

Hoto ya fito fari da baƙi. Wani siririn mutum yana saukowa cikin rami da igiya. Baba ya kama hannun kujera ya ce a hankali, "Shi ne. Wallahi shi ne." Na ji wani sanyi a raina, har na yafe wa Na-Sani kajinsa.

Matar ta leƙa ramin ta yi magana.

"Ta ce, fito mu gudu, 'yan sanda sun zo," in ji Na-Sani.

"Cewa ta yi abinci zai huce," in ji Baba.

"Eh, ma'anar ke nan a dunƙule."

Mijin ya ɗaga kai zai amsa, sai labulen ya fashe da kala. Mata arba'in cikin koren kaya suna juyi a kan dutsen ƙanƙara, wani mai gashi har kafaɗa yana bin ɗaya da furanni. Ganga ta cika falon. Mai agogo ya miƙe tsaye.

"Mene ne wannan?"

"Mafarkin mai rijiyar ne," in ji Na-Sani. "Zauna, dattijo, za ka gane."

"Shekara goma sha biyu na yi ina neman fim ɗin nan, na kalle shi sau uku. Ba ya mafarki!"

"To yanzu ya fara."

Aka koma rami. Ba a yi minti huɗu ba sai ga wasu ƙarti suna dambe a saman motar haya. Na-Sani ya nuna ɗaya da sanda ya ce wan matar ne. Telar ta ce ita ta san wannan, ai shi ne ya mutu a fim ɗin da ta kalla shekaranjiya. Mutane suka fara dariya, wasu na tafi, wasu na cewa a mayar da waƙar baya. Na-Sani ya ɗauka yabo ne, sai washe baki yake yana gyaɗa kai. Na dubi Baba. Ya matso gaba har ya kusa faɗowa daga kujera, ya kare idon dama da tafin hannu, yana jira.

Rijiya ta rufta. Ƙura ta tashi, mutane na gudu. Wani tsoho ya sunkuya ya ɗauki takalma a bakin ramin, ya juya ya nufi gida. Baba ya ce, "Yauwa. Ku yi shiru yanzu, don Allah."

Sai ga mata arba'in ɗin nan sun dawo, wannan karon cikin ruwan sama, da laima. Suka yi minti shida. Suna gamawa aka ga hannu cike da laka ya fito daga rami, rubutu ya hau, fim ya ƙare.

Na-Sani ya fara tafi shi kaɗai.

"Ina ƙofar?" in ji Baba.

"Wace ƙofa, Baba?"

"Inda ta tsaya da takalman."

"Oh, wannan! Na sani. Wajen ne ya lalace, hoton ya daskare. Na cire muku shi, na sa abin da ya fi shi. Ba sai kun gode ba."

Yaya ta dafe kai da hannu biyu. Ni kuwa ban san lokacin da na tsallake mutane na isa gabansa ba. Mai agogo ne ya riga ni magana. Ya ce ba komai, a aika gidansa a ɗauko injin bidiyo, zaren zai iya jure juyi ɗaya, a sa na asalin. Ina kaset ɗinsa?

Na-Sani ya yi murmushin mai shirin ba da mamaki. Ya zaro leda daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Ga shi, ya fi yadda ka ba ni. Na ga duk ya yi fumfuna, sai na kwance shi na wanke zaren da ruwan ɗumi da sabulu, na shanya. Da ya yamutse na bi shi da dutsen guga, sama-sama."

Dattijon ya buɗe murfin ya jawo zaren. Ya ɗaga shi saitin hasken majigi, muna hango fuskarsa ta ciki tar. Ya koma ya zauna da abin a cinyarsa.

Na kira mai kwamfuta a gaban kowa, na sa a amsa-kuwwa. Na ce cikakken da ya fara juyewa fa?

"Hajiya, ai Alhaji ya tsaya a kaina sai da na goge shi. Ya ce kada wani ya ga wanda ba a gyara ba ya raina masa aiki."

Babu wanda ya yi dariya, har mai aski. Na-Sani ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga ba fuskar da zai laɓe a bayanta. Ya fara borin kunya, wai ai shi alheri ya nufa, wai ko daraktan ne ya dawo duniya zai sa masa hannu, wai akwai wani mutuminsa a wata ƙasa da zai turo sabo fil cikin kwana bakwai. Yaya ta ce, "Don girman Allah ka yi shiru." Bai yi ba.

Baba ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu.

"Kai ka ga wajen?" ya ce.

"Na gani mana, Baba, ai ni na..."

"To duk ɗakin nan kai ne na ƙarshen ganinsa. A kashe injin nan. A buɗe ƙofa. Cire takalmanka."

"Takalmana?"

"Cire ka riƙe a ƙirji. Je ka tsaya a bakin ƙofa, ka dubi hanya."

Ya waiga wajen Yaya neman ceto, ta kau da kai. Mutane suka dare masa. Ya tuɓe takalman, ga safa ɗaya da huji a babban yatsa, ya je ya tsaya. Ya ba mu gefe yana duban hanya, hasken yamma ya bugo daga waje, daga cikin ɗakin ba ka ganin fuska, sai tsayin mutum da abin da ya rungume. Baba ya ce wa mai agogo ya duba masa minti takwas.

"Baba, ai na sa..."

"Ba ta yi magana ba."

Ya haɗiye. Minti ɗaya ya wuce. A na biyu ya ɗaga hannu zai sosa wuya, Baba ya ce ba ta sosa ba. Mai aski ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Masu wucewa a titi suka fara tsayawa suna kallon mai labule tsaye da takalma a ƙirji, ƙarƙashin ƙyallensa na manyan finafinai. Gumi ya jiƙa masa riga. Tun da aka kawo shi gidanmu ban taɓa ganin bakinsa a rufe na tsawon haka ba.

Wajen minti na biyar dariyar ta mutu da kanta. Na juya na ga Baba ya jingina, ya kare idon dama da hannu, na hagun a buɗe yana kallon ƙofa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Haushina bai tafi ba, amma na kasa riƙe kukan, na durƙusa gefen kujerarsa.

Mai agogo ya dubi hannunsa ya yi gyaran murya.

"Takwas ta cika."

Na-Sani ya sauke numfashi, ya sunkuya zai sa takalmi.

"A ƙara masa takwas," in ji Baba. "Ban gama kallo ba."